Ranar Da Na Zama Labule A Otal

Na yi shekaru ina koyar da Turanci har alli ya kusa cinye min yatsu, kuma yawancin abin da ya faru a aji ya bi iska. Amma akwai wani cin abincin rana a Sakkwato da ba zan manta da shi ba har ƙasa ta rufe min ido. Ko yanzu da tsufa ya sa nake neman tabarau alhali yana bisa hancina, in na ga farin ƙyallen tebur sai dariya ta kama ni ni kaɗai, jikokina su riƙa kallon juna suna zaton kakansu ya fara zarewa.

A lokacin soja ke mulki, kuɗin man fetur kuma sun fara malala, Sakkwato tana hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma. Ni ɗan kudancin Zariya ne, Kirista, aka turo ni koyarwa a wata sakandare, muka kama haya ni da matata a wajen Sama Road. Gari ya cika da Turawa 'yan kwangila, masu hanya, masu gini, masu aikin ruwa. Wanda ka sani jiya a kan jaki, yau sai ya wuce ka a kan sabon babur yana maka hon. Kowa yana son Turanci, ba don jarrabawa ba, don dai kada Bature ya yi magana a gabansa ya tsaya yana murmushin da bai san dalilinsa ba. Ganin haka na buɗe ajin manya da yamma, bayan la'asar, a wata firamare da ke kusa da mu.

Darasin da na fi ji da shi shi ne na yadda ake neman abinci a otal. Ni mutum ne mai son a yi abu a gani, ban yarda da karatun fatar baki ba. Ranar wannan darasi sai in kwaso farantan matata da cokula da wuƙaƙe in ɗaure a bayan keke, ita kuwa ta biyo ni har ƙofa tana cewa in ɗaya ya fashe kada in dawo mata gida. In haɗa tebura, in shimfiɗa zane, in rataya tawul a hannu, na zama sabis ke nan, wato mai kawo abinci. Su kuma su zauna a matsayin baƙi.

Kai, na sha fama! Kuma ba Turancin ne ya fi ba ni wahala ba. In na sunkuya na ce da mutum me za a kawo masa, sai ya fara gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, duk da Turanci, sannan ya ce a kawo duk abin da ya samu. In ce masa a'a, zaɓa za ka yi. Wani dattijo mai gyaran agogo ya taɓa ajiye cokali ya dube ni ya ce, "Ticha, yanzu mutum shi zaka gidan mutane shi ce ga abin da zai ci? Wagga ai rashin ta ido ta." Na buga tebur na ce otal ba gidan kowa ba ne. Wani kuma ya ɗaga hannu ya tambaye ni yadda ake cewa a kankaro masa ƙanzo. Da na gaya masa Bature bai san ƙanzo ba, sai tausayin Turawa ya kama kowa.

A cikinsu akwai wani matashi da muke kira Makanike. Ɗan manoman shinkafa ne daga wani ƙauyen fadama, yana gyaran injinan ban ruwa a wani kamfanin Turawa. Siriri ne mai sanyin magana, kullum da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Wata rana bayan an tashi sai ya tsaya yana taya ni ɗaure farantai, yana ta kwance igiya yana sake ɗaurewa, har na ce ya faɗi abin da ke bakinsa kafin magariba ta same mu a nan.

Ashe kamfaninsu zai tura mutum ɗaya Ingila kwas, in ya dawo a ɗora shi kan sauran makanikai, a ba shi gidan kamfani. An sa sunansa, amma shugabansu Bature ya kafa sharaɗi. Wanda aka tura kafin shi ya kasa buɗe baki ya nemi abinci a can, ya zauna a kan burodi da shayi har ya kwanta ciwo aka dawo da shi. Don haka Baturen ya rantse ba zai sake tura mutum ya je ya rame masa ba. Ranar Asabar zai kai Makanike otal cin abincin rana. In ya nemi abinci da bakinsa ya kuma ci, tafiya ta tabbata. In ya kasa, a ba wani. Baturen ya ce malaminsa ya zo ya gani da idonsa, amma kada ya sa baki.

"Ticha, ban daɗe da aure ba," in ji Makanike, kansa a ƙasa. "Ɗaki guda ag gare mu, shi ma aro na. In wagga ta wuce ni, ban san ran da wata za ta zaka ba."

Na bugi ƙirji na ce ya bar min komai. Daga ran nan kullum da yamma yana gidana. Matata da ke faɗa a kan farantai ita ce ta koma dafa mana dankalin Turawa da nama don a yi gwaji da abinci na gaske. Ranar farko ya soka cokali mai yatsu, tsokar ta yi tsalle ta faɗa cikin takalmina. Muka yi ta yi, a nemi ruwa, a nemi romo, a nemi kaza, a tambaya ko akwai naman alade a ciki, a ce a ƙaro, a ce an ƙoshi an gode. Kafin Asabar ta zo, ko daga barci ka tashe shi zai nemi gasasshiyar kaza da dankali da Turancin da ba ka da abin gyarawa. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na fara tsara yadda zan amsa yabon Bature.

To, ina da wani ɗalibin da ba ya zuwa aji. Wani Alhaji ne a Ƙofar Taramniya, da can dillalin shinkafa, kuɗin mai suka mai da shi ɗan kwangilar yashi da tsakuwa. Mutum irinsa ba ya zama a benci da yara, don haka ni nake zuwa zaurensa. Ƙato ne mai fara'a, goro ba ya barin kumatunsa, in ya yi Turanci kuwa har maƙwabta sai sun san an fara darasi. Shi ma mun yi darasin otal, ya haddace shi tsaf, sai dai bai taɓa gwadawa ba, yana tsoron kada ya je shi kaɗai ya kwafsa a gaban abokan kwangila. Ranar Juma'a na ce masa gobe ba zan samu zuwa ba, zan raka wani ɗalibina otal. Ya tambayi wane otal, na faɗa masa. Ya shafa gemu ya ce, "To, madalla." Ni ban kawo komai a raina ba.

Ranar Asabar na sa kwat ɗin da nake zuwa coci da ita, na ɗaura lakataye, na ƙi karyawa don in bar wa abincin otal wuri. Makanike ya zo cikin sabuwar riga, ya kankare farcensa har sun yi ja. Ɗakin cin abincin babba ne, fili guda ba lungu ba saƙo, iyakwandishan yana busa sanyi, tebura duk an lulluɓe su da fararen ƙyallaye. Baturen dogo ne jajir, da lofe a baki, Hausarsa ba ta wuce sannu-sannu ba. Muka zauna, sabis ya zo da farar riga, ya ba kowa takardar abinci. Makanike ya dube shi ido cikin ido ya nemi ruwan sanyi, kalma bayan kalma, ba gargada. Bature ya gyaɗa kai ya dube ni. Ni kuwa baki har kunne. Sabis ya dawo ya tambayi abin da za a ci, Makanike ya gyara murya, ya buɗe baki.

"Ticha!"

Wannan murya ko a kasuwa na ji ta na san mai ita. Na waiga, sai ga Alhaji ya cika ƙofa, babbar riga tana ta walƙiya, makullin mota yana lilo a yatsansa. Ya tako yana zabga gaisuwar rana da Turanci, har masu cin abinci suka ɗago. Ashe Baturen ya san shi, shi ke kai musu tsakuwa. Bature ya miƙe da murna ya ba shi hannu, ya jawo kujera da kansa ya ce lalle ya zauna a ci da shi. Kujerar kuwa tana fuskantar ta Makanike.

Na juya don in gabatar da ɗalibina, sai na ga kujera ba kowa. Makanike ya sulale ƙasa, ya durƙusa a gefen tebur, kansa a sunkuye, yana cewa, "Baba, an wuni lahiya? Allah shi ƙara girma." Alhaji da ya shigo kamar hadari sai ya yi laƙwas. Ya kau da kai yana kallon bango, ya amsa can ƙasa, "Lahiya lau, lahiya lau." Bature ya leƙa ya tambaya ko cokali ne ya faɗi. Ni na ɗauka girmama manya ne irin na Sakkwatawa, na ce a raina yaro mai ladabi. Alhaji ya zauna a bakin kujera, don ba yadda zai ƙi, Makanike ma ya koma tasa, ya ƙura wa gishirin tebur ido.

Sabis ya sake tambaya me za a kawo masa. Makanike ya ce, da Turanci mai kyau, a'a, ya gode. Na ɗauka kunnena ne. Sabis ya karanta masa abin da ke akwai, kaza, kifi, naman sa. Ya ce a'a, ya gode. Aka juya kan Alhaji, mutumin da ya yi makonni yana girgiza zaure da neman gasasshiyar kaza, shi ma ya ce a'a, ya gode. Sannan ya matso ya ce da ni, "Ticha, gaya ma Bature azumi nika yi." Yana faɗa goro na cike da kumatunsa, leɓɓansa jawur.

Ran maza ya ɓaci. An hana ni sa baki, amma ba a hana ni sa ƙafa ba. Na miƙa ta ƙarƙashin tebur na harbi inda nake zaton ƙaurin Makanike yake. Alhaji ya zabura ya ce, "Subhanallahi!" Na yi kamar ban san zancen ba. Can na saki cokalina da gangan, na sunkuya ɗauka, na ja wa Makanike wando har ya sunkuyo shi ma. Nan muka haɗu ƙarƙashin tebur, na ga ashe ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe.

"Me ya same ka?" na ce da raɗa. "Ina kazar? Ina dankalin?"

"Ticha, surukina na. Ɗiyatai nika aure."

"To sai me?"

Ya zaro ido kamar na yi saɓo. "Sai mi? In ci cimaka gabanai? In tauna shina kallo? Aradu gara yunwa ta kashe ni."

"Ingila fa? Gidan fa?"

Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Na sani, Ticha. Ba ni iyawa."

Gaskiya na san ana kunyar suruki, ba yau na zo ƙasar Hausa ba. Amma ni da nawa surukin a akushi ɗaya muke ci, har ya ɗauke naman da ke gabana in yi ƙorafi. Na ɗauka wannan kunya a gida take tsayawa, ba ta shiga inda ake sa lakataye. Na ɗago daga ƙarƙashin tebur gumi yana keto min duk da sanyin ɗakin.

Aka kawo wa Bature nasa, aka kawo min nawa, kaza ce tana turiri, ƙamshi har cikin ƙwaƙwalwa. Bature bai taɓa nasa ba. Ya tura wa Makanike burodi, ya ce ko wannan ya ci. Makanike ya ce a'a, ya gode. Ya tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce lafiyarsa lau. Sai na ga fuskar Baturen ta canza. Ya cire lofe ya ce, a hankali don kowa ya fahimta, shi fa yana son wannan yaro, hannunsa na da kyau, amma wanda ya kasa cin abinci a garinsu ba zai ci a garin wasu ba, kuma shi ba zai sake ɗaukar alhakin ran mutum ba. Ya duba agogo. Makanike ya ji kowace kalma, ai ni na koya masa. Amma ko burodin bai taɓa ba. Na yi niyyar in fasa ƙwan, ya dube ni da wani irin roƙo, na gane faɗin abin a gaban Alhaji ya fi masa rasa tafiyar ciwo. Tausayinsa da haushinsa suka kama ni lokaci guda.

Sai dabara ta faɗo min. Na ce, "Alhaji, an ce ka yi sabuwar mota, ba ka nuna min ba." Ban rufe baki ba ya miƙe, da ma neman hanyar fita yake. Muna zuwa baranda na juyo masa.

"Alhaji, ka san abin da ake yi a teburin can?"

"Ina niz sani? Ni na zaka in gwada Turancina gabanka, sai in ishe yaron ga! Mi ak kawo shi nan?"

Na zayyana masa komai, kwas ɗin, gidan, sharaɗin Bature. Ya tsaya baki buɗe.

"Ingila? Shi? Ba wanda yag gaya min."

"To wa zai gaya maka? Mutumin da ba ya iya haɗa ido da kai? Yanzu dai ka shiga motarka ka tafi gida, ka bar yaro ya ci abinci."

Ya girgiza kai. "Ticha, ka iya Turanci amma ba ka san yaron ga ba. In nit tahi yanzu, zai ce shi yak kori surukinai daga bakin cimaka. Ko loma guda ba ta wucewa. Kuma Bature shi ce na rena shi."

"To ka koma wani tebur."

"Wane tebur na ba a gani cikin wancan hili?"

Na ce to shi ke nan, tafiya ta rushe, mu koma mu yi sallama. Ya tofar da goronsa cikin furannin otal, ya goge baki, ya saɓa riga a kafaɗa, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai kana da tsawo. Biyo ni."

Muka koma ciki, Bature har ya fara naɗe adikonsa. Alhaji bai je kujerarsa ba. Ya nufi teburin da ke kusa da namu wanda ba kowa, ya kwashe kofuna da cokula ya jibge kan kujera, ya fizge farin ƙyallen, sabis yana kallo ya dafe ƙirji. Ya danƙa min gefe biyu a hannu, ya ja ni ya tsayar tsakanin teburan, ya ɗaga min hannuwa sama ya ware su. "Riƙe nan. Kada ka sauke." Kafin in ce uffan ya zagaya bayan ƙyallen ya zauna a teburin da ya tsiraita.

Jama'a, ku dube ni. Malamin sakandare, da kwat ɗin coci da lakataye, tsaye a tsakiyar babban otal, hannuwa a sama kamar mai shanya, Turawa da manyan ma'aikata duk sun ajiye cokali suna kallona. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Daga bayan ƙyallen Alhaji ya ɗaga murya yadda ko mai wanke-wanke zai ji, ya ce, "Ticha, in kana da ɗalibi nan wurin, gaya mai Alhaji ya tahi gida tun ɗazu. Wanga da aka ji shina magana, wani Bature na." Sai ya tafa hannu, ya kira sabis, ya zabga masa darasin otal daga farko, da Turanci, da muryar nan tasa mai girgiza zaure. Ya nemi ruwa, ya nemi romo, ya tambaya ko akwai naman alade, ya nemi gasasshiyar kaza da dankali. Zancen azumi kuwa ba wanda ya sake tayar da shi.

Na leƙa ɗaya gefen. Makanike ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya haɗiye yawu. Na zare masa ido, don idon kaɗai ya rage min. Ya laluba da ƙafa ya sa takalmansa, ya gyara zama, ya ɗaga yatsa ya kira sabis. Muryarsa ta fito tana rawa, ya nemi romo tukuna. Da ya ji daga bayan labule wancan Baturen na Ƙofar Taramniya yana ta surutu bai ko san da shi ba, sai murya ta daidaita. Ya nemi kaza da dankali, ya ce a gasa ta sosai, ya ce a kawo barkono in akwai. Ya kama wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, ya yanka, tsokar ta tsaya inda aka ajiye ta. Da loma ta farko ta wuce, na ji kamar ni na ƙoshi.

Bature na gaske kuwa ya rasa gane kan abin. Ya ɗago ya tambaye ni shin wani biki ne na garin. Na ɗora haɓa bisa ƙyallen na yi masa bayani ƙasa-ƙasa, hannuwa a sama. Ya saurara, ya dubi labulen, ya dubi Makanike da ke fama da cinyar kaza, sai ya tuntsire da dariya har lofensa ya faɗi. Da ya samu numfashi ya tambayi Makanike ko yana da suruki a Ingila. Makanike ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya amsa da Turanci cewa ba shi da ko ɗaya, sannan ya juya ya roƙi sabis ya ƙaro dankali. Bature ya buga tebur ya ce ya fara haɗa kaya.

Ni na ɗauka an gama, na fara sauke hannu, sai na ji Alhaji ya ja min kwat ta baya. Ashe shi aikinsa bai ƙare ba. Kada ƙarar taunar surukinsa ta iso masa, kada kuma yaron ya ji shiru ya tuna wanda ke bayan labule, sai ya ci gaba da kiran sabis. Da faranti ya ƙare sai ya nemi wani. Ya nemi kifi, ya nemi wani ganye da ko awakinsa ba za su kalla ba, ya yabi abincin, ya tambayi sabis lafiyar iyalinsa, duk da Turanci. Kuma shi mutum ne da ba ya barin abinci a faranti. A ƙarshe aka kawo masa askirim, abin da bai taɓa sa wa a baki ba. Ya cika cokali ya zuba, sanyi ya ratsa masa haƙora, ya ƙwala, "Wayyo Allah, haƙorana!" Sai ya tuna shi Bature ne, ya yi maza ya ce da Turanci abin ya yi daɗi ƙwarai. Ƙyallen ya riƙa rawa a hannuna don dariyar da nake dannewa, kafaɗuna kuma kamar za su ɓalle. Ina nan tsaye ina kallo sabis ya zo ya ɗauke kazata da ta huce, ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Da aka gama, Makanike ya yi wa Bature godiya, ya tambayi sabis ko akwai wata ƙofa, aka fitar da shi ta wajen kicin don kada ya gifta ta gaban labule. Sai a lokacin Alhaji ya ce in sauke. Ya miƙe da ƙyar yana dafa tebur, ya ce in zo ya kai ni gida. Muka shiga mota, ya kwantar da kai a kujera yana nishi, ya ce cimakar Nasara ba yaji ba daddawa, bai san abin da suke ji a cikinta ba. Ya sa makulli amma bai tayar ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ticha, ya ci?"

"Ya ci, Alhaji."

"Da yawa?"

"Har ƙari ya nema. Bature ya ce ya haɗa kaya."

Ya juya fuska wajen taga, ya sa hannun riga ya goge ido, ya ce wannan abu mai sanyi ne ya hau masa kai. Ni ma nawa idon ba a bushe yake ba.

Makanike ya tafi Ingila ya dawo da ƙibarsa, ya samu muƙaminsa da gidansa. Shi da Alhaji kuwa, iya sanina, ba su taɓa tayar da zancen ba, ba su kuma taɓa cin abinci wuri ɗaya ba har Allah ya karɓi ran dattijon.

Kafin wannan rana ina ganin irin wannan kunya cikas ce, aikin malami ne ya kawar da ita, da na samu dama ma da na yi wa Makanike faɗa har ya raina kansa. Alhaji bai taɓa ta ba, ya bar wa yaro mutuncinsa, ya kuma sama masa tafiyarsa. Tun daga nan, kafin in koya wa mutum abin da zai faɗa, sai na tambaye shi a gaban wa zai faɗe shi. Na kuma koyi cewa mutum yana iya ƙaunar wani har ya cusa wa cikinsa abincin da ba ya so saboda shi, alhali bai taɓa yarda sun haɗa ido ba.